Muhawara: majinyacin da ya ƙi yarda da sakamakon gwaji, a ƙyale shi ko a matsa masa?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, mutumin da likita ya shaida wa yana da sankara, ya fito yana cewa lafiyarsa lau, bai kamata a tsananta masa ba, domin zuciyarsa ce ke kare kanta daga nauyin da ba za ta iya ɗauka a lokaci guda ba. Anna Freud, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta yi bayanin irin waɗannan hanyoyin kare kai tun 1936, Elisabeth Kübler-Ross kuma, wadda ta zauna da majinyatan da ajali ya kusanto, ta sanya inkari, wato ƙin yarda da abin da ya faru, a farkon matakai biyar da irin waɗannan majinyata kan bi, waɗanda ta zayyana a 1969.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ina girmama karatunka, amma a asibitin da nake aiki a nan Jos muna ganin ƙarshen wannan kariyar. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, ta ce jifa ce, ko ta ce zai baje da kansa, ba za ta zo ba sai ya fashe ya yaɗu. Haka mai hawan jini yake ajiye magani saboda ba ya jin ciwon komai, har a kawo shi da shanyewar ɓarin jiki.

Likita: Ku biyun kuna magana ne kan lokuta daban-daban. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1987 kan masu ciwon zuciya ya nuna cewa waɗanda suka fi musanta tsananin ciwonsu sun fi saurin barin ɗakin kulawa ta musamman, amma a shekarar da ta biyo baya sun fi sakaci da umarnin likita, kuma sun fi yawan kwanakin komawa gadon asibiti. Inkarin kwana biyu yana kwantar da hankali, na wata shida kuwa yana cinye lokacin magani.

Dattijo: Yarana, kada ku mayar da tawakkali cuta. Idan mutum ya ce ba komai, sau da yawa kyautata zato ga Allah yake yi, ko kuma kunya ce ta hana shi bayyana damuwarsa a gaban 'ya'yansa.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai hadisi ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Mai tawakkali yana shan maganinsa yana addu'a.

Lauya: Abin ya fi muni idan shugaba ne ya yi inkari. Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya yi shakkar cewa ƙwayar HIV ce ke haddasa ƙanjamau, gwamnatinsa ta yi jinkirin raba magani a Afirka ta Kudu, masu bincike na Jami'ar Harvard kuma suka ƙiyasta cewa rayuka sama da 330,000 sun salwanta tsakanin 2000 da 2005. Mu ma mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003.

Malamin makaranta: Barista, a nan ban yarda da kai ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sankarau a 1996 ba, don haka nasu rashin amana ne mai dalili, ko da yake ya jawo asara. Wanda aka taɓa cuta daban, wanda tsoro ya rufe wa ido daban, kuma ba da magana iri ɗaya ake shawo kansu ba.

Likita: Wannan gaskiya ne, Malam. Shi ya sa ba na musu da majinyaci a ranar da na ba shi sakamako. Nakan tambaye shi abin da ya fahimta, in nemi ya dawo bayan mako guda tare da wanda ya fi amincewa da shi cikin danginsa, amma ranar fara magani ba na ɗage ta.