Wasan 'yar tsana kan muhalli: ina ake samo kuɗinsa, kuma me ke cinye su?

Malam Sani, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Matasa a Katsina da Daura sun fara amfani da 'yar tsana suna yi wa yara da iyaye mata bayani kan sare itace, zubar da leda a kwata da kwararowar hamada. Wasan yana karɓuwa, amma bayan fita biyu ko uku sai aljihu ya bushe a tsaya. Waɗanda suka taɓa riƙe kuɗin irin wannan aiki, don Allah a taimaka da abin da aka gani a aikace.

Hajiya Binta, Daura:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kuskuren farko yana cikin takardar neman tallafin. Duk wanda ya rubuta cewa kuɗin wasa yake nema, ya kayar da kansa, domin masu kuɗin muhalli aiki a ƙasa suke son gani. Shirin ƙananan tallafi na GEF, asusun muhalli na duniya, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa, yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafin kuɗi, amma sai a gina takardar kan gandun renon itace ko murhu mai cin itace kaɗan, wasan ya shigo a matsayin sashen wayar da kai. Akwai kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin arewa 19 da Abuja, da hukumar Great Green Wall mai kafa shingen itatuwa don tare hamada, wadda Katsina ke cikin jihohinta 11. Ga ƙaramar ƙungiya, hanya mafi sauƙi ita ce a kai musu bidiyon wasan na minti uku tun Afrilu, a nemi gurbi a taron 5 ga Yuni, ranar muhalli, ko 17 ga Yuni, ranar yaƙi da hamada.

Takardu kuwa a fara su da wuri: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), lambar haraji, shaidar SCUML (sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram), da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Wannan yana cin watanni. Asusun shugaba na kansa ba ya karɓuwa.

Kabiru Tela, Ƙofar Guga:
Hajiya ta gama da takarda, ni bari in taɓa kasafi. Mutane suna zuba kuɗi wajen ɗinka 'yan tsana, alhali su ne mafi arha. Huɗu sun isa: tsoho, uwa, yaro, da akuya ko jaki. Kan 'yar tsanar a yi shi da soson katifa ko ƙaramin duma, a lulluɓe da safa, a sa kwali mai kauri a cikin baki don ya riƙa buɗewa da rufewa. Kada a yi kan da takarda da sitaci. Da damina ta sauka zai yi laushi, ɓera da kyankyaso su ƙarasa shi a cikin buhu.

Rumfar wasan a haɗa ta da bututun roba na famfo, faɗi mita biyu, tsawo kamar mita ɗaya da rabi, labule yadi shida mai duhu. Lokacin hunturu iska tana kifar da ita, don haka a tanadi buhun yashi biyu a danne ƙafafun. Abin da ke cin kuɗi na gaskiya shi ne mota da sauti. Mai wasa yana durƙushe bayan labule, hannunsa a sama, ba zai riƙe makirufo ba, dole sai wanda ake maƙalawa a kunne. Lasifika mai batir ta fi janareta, ƙarar janareta tana danne muryar yaro. A rubuta kuɗin mota bisa kowace fita, a ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, saboda kuɗin mai ba ya jiran ranar da aka sa hannu.

Malam Lawal, Mai'aduwa:
Ni ban cika yarda a jingina da manyan masu tallafi ba. Kuɗinsu kashi-kashi yake zuwa, na biyu ba ya fita sai an karɓi rahoton na farko, kuma sau da yawa kafin ya iso lokacin dashe ya wuce. Wasan shuka itace a Yuli da Agusta yake da amfani, na kwata kuma a Mayu kafin ruwa ya kankama. Ƙananan hannaye na gida sun fi zuwa a kan kari: wani ya ɗauki mota, wani lasifika, makarantar kuɗi ta biya fita guda, rarar ta kai ku makarantar gwamnati. Sai dai a duba daga wa ake karɓa. Idan dillalin gawayi ya ɗauki nauyin, bakin 'yar tsanar ya mutu. Mai fiya-wata kuma a karɓa bisa sharaɗin zai ajiye buhunan tara leda a wurin.

Malama Hadiza, Ƙofar Sauri:
Yaya Lawal, haka ne, amma akwai abin da ke rushe aiki tun kafin a kai ga kuɗi. A fara gaida mai unguwa ko dagaci, a nuna wa liman 'yan tsanar da idonsa kafin ranar. Wasu na ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da mutum-mutumi, shi ya sa ake barin fuskar ba cikakkiyar siffa. Makarantun firamare kuma sai da takardar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Wasa kada ya wuce minti 20, bayan la'asar, kuma a ba shi saƙo ɗaya tak. Misali, tsoho ya hana ɗansa tumɓuke tohon gawo a gona, ya nuna masa yadda ake barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, irin yadda manoman Maraɗi ke yi.

Shaida ita ce ke kawo kashi na biyu. Kowace fita a rubuta kwanan wata, sunan gari, adadin maza, mata da yara, da sa hannun mai unguwa. Direba ba shi da rasit, to a buga takardar biya ya sa hannu da lambar motarsa. Idan an raba dashe, a rubuta sunan wanda ya karɓa, a koma a Maris a ƙirga waɗanda suka tsira daga rani da awaki.

Hajiya Binta, Daura:
Malama, kuɗin wannan komawar ta Maris a sa shi cikin kasafi tun farko, har da na ƙaya ko kwandon kare dashen. Bayan an rufe lissafi babu mai ƙara ko kwabo.