Ƙasar da layin wutarta ke faɗuwa, za ta iya riƙe tashar nukiliya?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu wani ya ce duk ƙasa mai tasowa da ta gina babbar tashar nukiliya, kabarinta ta haƙa da hannunta. Ni ban yarda ba. Ga Masar can tun 2022 tana gina tukwanen nukiliya huɗu, wato injinan da makamashin ke ba da zafi a cikinsu, a El Dabaa, megawat 4,800. Bangladesh na da biyu a Rooppur. Koeberg ta Afirka ta Kudu tun 1984 take aiki kusa da Cape Town. Su ba mutane ba ne kamarmu?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam. Mutane ne, amma Japan ma mutane ne, ka ga yadda Fukushima ta yi da su a 2011. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗan Zariya: Hajiya, mu ina muka ga igiyar ruwa irin tasu? Kuma muna da tukunyar nukiliya a nan Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, ko kaza ba ta kashe ba.

Baba Injiniya: Yaro, tsaya. Ta Zariya kilowat 30 ce, ta bincike, janareton babban otal ma ya fi ta. Ba a gwada ta da mai megawat 1,200. Sannan abin da ya ci Fukushima ku fahimce shi. Da aka yi girgizar ƙasa tukwanen sun kashe kansu yadda aka tsara. To amma tukunyar nukiliya kamar murhu ce, ka zare itace garwashi na nan. Daga kashe ta, zafin da ya rage yakan kai kashi 6 cikin 100, kuma sai an yi ta zagaya mata ruwa kwana da kwanaki. Famfo na son wuta. Layin waje ya yanke, ruwan teku ya shanye janaretocin dizal, shi ke nan. Don haka tambayata ɗaya ce: ranar da layin ƙasa ya faɗi, wa zai kunna janareto, kuma akwai mai a ciki?

Maman Ilham: Allah ya saka, Baba. Ni a asibitin da na yi aiki, an taɓa ɗauke wuta muna tsakiyar tiyata. Aka ruga wajen janareto, ashe an cire batirinsa an sa wa motar wani babba. Da fitilar waya muka ƙarasa ɗinki. A takarda kuwa, duk mako an duba shi lafiya lau, har da sa hannu.

Abban Sadik: Hajiya, abin da ban tausayi, amma ba hujja ba ce. Jiragen samanmu ba ma barin su haka, saboda akwai idon duniya a kai. Nukiliya ma akwai IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kuma samfurin Rasha da ake ginawa a Masar an yi shi da hanyar sanyaya kansa ko babu wuta, har da kasko a ƙasa da zai tare narkakken makamashi in abu ya ɓaci.

Baba Injiniya: Gaskiya ne, Malam, ƙirar ta fi ta da nesa ba kusa ba. Sai dai IAEA shawara take bayarwa, ba ta da ikon rufe tashar kowa don tsaro. Hukumar cikin gida ce ke da wuƙa da nama. A Japan ma kwamitin majalisarsu cewa ya yi masifar aikin ɗan Adam ce, don masu sa ido da kamfanin sun zama 'yan gida ɗaya. Ga kuma lissafi: ba a so inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na wutar layin ƙasa. Najeriya na rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000. Ka ɗora 1,200 a kai, ranar da ta tsaya ƙasar ta tafi duhu, ita kuma duhun shi ne abokin gabarta. Masar kuwa ƙarfin tashoshinta ya wuce megawat 50,000, shi ya sa za ta ɗauka.

Ɗan Agadas: Ku yi haƙuri in sa baki. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom, makamashin nukiliya, a Arlit ta Nijar, an yi shekaru ana haska Faransa da shi, mu muna sayen wuta daga Najeriya. Duk wanda ya ce mana "ba ku isa ba", sai na ji zafi. Kullum sai dai mu zama masu haƙa?

Maman Ilham: Ɗan'uwa, zafinka a kan hanya yake. Amma wa ya isa? Dala biliyan 25 Rasha ta ranta wa Masar, ita ke gini, ita za ta kawo makamashin. Wannan ai talala ce.

Ɗan Zariya: To Baba, tun 2017 Najeriya ta sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, kan gina tasha, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. A fasa kenan?

Baba Injiniya: Ban ce a fasa ba. Cewa na yi a fara da layin. A nuna mini shekara biyar cif bai faɗi ba, ni zan fara kai jikana ya karanta fannin.

Abban Sadik: Baba, ginin kansa yakan ci shekara bakwai zuwa goma. Me zai hana a yi duka biyun tare?

Baba Injiniya: Geregu maƙwabciyar Ajaokuta ce. Ka taɓa zuwa ka ga kamfanin ƙarfen?