Saƙonnin aiki da ke zuwa da tsakar dare

Ina zaune a Kano, ina yi wa wani kamfani da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada aiki ta intanet. Muna gabansu da awa 5, tazarar kuma takan koma 6 daga watan Nuwamba. Yarjejeniyata ta ce awa 40 a mako, amma ba ta fayyace lokacin tashi daga aiki ba. Shugabar sashenmu takan turo saƙo a Slack, manhajar aika saƙonnin aiki, da ƙarfe 11 na dare, kuma idan ban amsa ba sai ta sake turowa. Na rubuta lokutan aikina a kalandar kamfani, na kuma kashe sanarwar waya, sai aka ce ba na amsawa da wuri, abin da ya dame ni ƙwarai. Don Allah, ta yaya zan nemi a rubuta mini tsayayyen lokacin tashi ba tare da an ɗauke ni malalaci ba?