Neman shawara: hanya uku a gaban yaro ɗaya

Mai wake da shinkafa, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ɗana na fari shekararsa 11, yana aji shida a makarantar gwamnati ta Ingilishi da Arabiyya a nan Kumasi, baɗi zai shiga JHS, wato ƙaramar sakandare. Gidanmu ya rabu uku a kansa. Baba, mahaifin maigidana, ya ce a cire shi a kai shi hadda shekara uku, wai sukuu, wato makarantar boko, ba gudu take ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yayana da ke Jamus ya ce zai biya masa makarantar kuɗi, domin a ganinsa 'ya'yan Zongo ba sa zuwa ko'ina daga ta gwamnati. Maigida kuma makanike ne a Suame Magazine, ya ce ya gama JHS ya biyo shi gareji, tunda ga masu digiri nan zaune a gida. Ni aji huɗu na tsaya, kullum abin yana cina. Yaron yana son lissafi, izu goma gare shi. Ba na son in saɓa wa Baba, ba na kuma son in cuci yaro. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin JHS, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shekarata 14 a aji, zan faɗa miki abin da idona ya gani. Sukuu aiki biyu take yi. Tana koyar da karatu, kuma tana tankaɗe yara kamar rariya, ta raba wa kowa wurin zamansa a gari. Wurin tankaɗen shi ne jarrabawar BECE a ƙarshen JHS 3. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara zuwa sakandare bisa sakamakonsu, wani ya samu manyan makarantu irin su Prempeh ko Opoku Ware ko T.I. Ahmadiyya, wani ya faɗa inda ko ɗakin gwaje-gwaje na kirki babu. Yaron da ya fita shekara uku ya dawo yana da 14, ya zauna da 'yan 12, Turancinsa ya yi tsatsa. Na ga irinsu da yawa, kunya ce ke fara korarsu kafin jarrabawa ta kore su.

Game da makarantar kuɗi, akwai abin da yayanki bai sani ba. Da aka fara sakandare kyauta a 2017, an keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu ga yaran JHS na gwamnati. A wancan tsarin na 2017, yaron da aka mayar ta kuɗi ya fita daga wannan kason, sai ya yi gogayya da 'ya'yan likitoci da lauyoyi. Ki je wurin shugaban makarantarsu ya yi miki bayanin yadda ake zaɓen makarantu. Sannan yawancin fifikon da muke gani a yaran makarantun kuɗi, daga gida suka zo da shi. Wani masani ɗan Faransa, Pierre Bourdieu, ya kira shi jarin al'ada: yaron da ake masa Turanci a gida, akwai littattafai, akwai mai duba masa aikin gida, ya shigo aji da guzurinsa, sai makaranta ta ba shi maki ta ce hazaƙa ce. Namu yaron da Hausa ya tashi, a titi ya tsinci Twi, a makaranta Larabci, Turanci ne harshensa na huɗu, amma da shi kaɗai ake auna shi.

Malamin makarantar allo, Yalwa:
'Yata, kada a ɗauki maganar surukinki a matsayin duhun kai. Iyayenmu sun guji sukuu ne domin a zamanin Turawa mafi yawansu na mishan ne, yaro ya shiga da sunan Musulunci ya fito da wani suna. Kuma tun kafin boko ta iso mana muna da ilimi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, ɗalibansa suka bazu a Zongo-Zongo na ƙasar nan. Makarantar allo ita ta riƙe mu al'umma ɗaya a ƙasar da muke 'yan tsiraru. A can yaro ke koyon gaida manya da zama da mutane, da sanin wanda zai wanke gawar ubansa.

Amma gaskiya ɗaya ce. Mun biya farashin gujewar, shi ya sa muka daɗe a gadi da dako, wasu na ofis. Don a ɗinke wannan ɓarakar aka kafa sashen ilimin Musulunci ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, irin makarantar da ɗanki yake ciki ke nan. Ina da ɗalibai da suka haddace suna zuwa sukuu: bayan asuba, bayan la'asar, Asabar da Lahadi, da dogon hutu. Ya fi ɗaukar lokaci, kuma sai uwa ta tsaya. Kada ke ki tunkari Baba da wannan. Ki sa maigidanki ya nemi limamin unguwarku su je tare.

Mai gareji, Magazine:
Ku gaya wa ɗan'uwana makanike, mahaifin yaron, motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu. Yarana da ba su yi sakandare ba, ƙarfe kawai suke kwancewa, mai karanta na'urar shi ke karɓar kuɗin. In sana'a yake so, ga Kumasi Technical Institute nan, ya gama ya zo.

Ɗalibar ilimin zamantakewa, jami'ar KNUST:
Mma, na yarda da Malam na Asawase amma ba duka ba. Ni 'yar Sawaba ce, makarantar kuɗi ƙarama na yi, kuma abin da ta ba ni shi ne malami yana zuwa kullum, ajin ba cunkoso. Ga wanda gidansu babu mai karatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai makarantun kuɗi ba ɗaya ba ne, wasu suna ne kawai da kayan makaranta masu kyau. Kuma ki tambayi kanki: in aikin yayanki ya tsaya a tsakiyar JHS 2, wa zai ci gaba da biya?

Maganar mahaifin yaron kuwa tsohuwar muhawara ce a ƙasar nan. Tun 1965 Philip Foster, wanda ya yi bincike kan ilimi a Ghana, ya nuna cewa iyaye ba wauta suke yi ba da suke fifita karatun littafi a kan makarantun sana'a, sun ga inda albashi yake ne. Yau ma takardar WASSCE, ta jarrabawar gama sakandare, ake nema kafin a shiga horon nas, ko malanta, ko jami'a. Mai takarda zai iya komawa gareji duk ranar da ya so. Wanda ya tsaya a JHS, waɗannan ƙofofin sun rufe masa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, Mma. Kin ce ɗanki na fari. Sauran fa? In akwai mata a cikinsu, wa ke zaman shawara a kansu?

Mai wake da shinkafa, Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. 'Yata ta KNUST, kin taɓa ni. Ƙanwarsa shekararta 9, ita ke taya ni wanke kwanuka da asuba, sau da yawa a makare take zuwa sukuu, kuma ba wanda ya taɓa kiran taro a kanta, har ni. Na yi magana da yayana daren jiya, na roƙe shi ya raba kuɗin biyu, a ɗaukar musu malamin darasi na yamma su biyun, yaron ya zauna inda yake. Ya ce zai yi tunani. Maigida ya yarda zai ga liman ranar Juma'a. Malam na Yalwa, in Baba ya amince, ƙarfe nawa kuke fara karatun asuba, kuma kuna karɓar mata?