Me kuke shimfiɗa wa kaji a ƙasan akurki?

Mai tambaya, daga Garwa:
Salamu alaikum. Ina da kaji 15 da zakaru 2 a bayan gida, ƙasan akurkin daɓe ne kawai. Bara a ruwan Agusta ya jiƙe sharkaf, wari ya hana mu zaman tsakar gida, 'yan tsaki 6 suka kama kashin jini suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya ce a zuba siminti a huta. Kafin mu kashe kuɗin, ina so in ji abin da kowa ya gani da idonsa.

Wani manomi, daga Yagwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Mu nan ƙasar shinkafa ce, ga gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, saboda haka ɓuntu muke zubawa. Wurin masu injin casa nake kwasowa. Kauri kamar faɗin tafin hannu, santimita 8 zuwa 10. Ba ya dunƙulewa da wuri, kuma idan na watsa musu ɗan tsaba a ciki, su da kansu suke juya shi da tono. Simintin ki zuba, yana hana ɓera haƙowa, amma kada ki bar shi tsirara. Da hunturu sanyi yake ɗauka, ga shi yana cin tafin ƙafar kaza mai nauyi.

Wata uwa, daga Marwa:
Ni kam yashi. Yara ke ɗebo mini daga kogin Mayo Kaliyawo idan ya ƙafe da rani. Kullum da safe in sa tsohuwar rariya in tace kashin, yashin ya koma wurinsa. A zafin Afrilu za ki ga sun tona rami sun kwanta ciki, fukafukai a buɗe. Sai dai a inuwa fa! Wanda rana ta buga, ko ke ba ki iya taka shi. Gefe guda kuma na ajiye fasasshiyar tukunya cike da toka, nan suke birgima, ƙuma ta ragu sosai. Aibinsa ɗaya: masu lambun albasa ba sa son takin da ya cika yashi, na ɓuntu suke nema.

Kafinta, daga Ngaundere:
Yaya, idan wajen irinmu za ki aika, ki ce sassaƙen da injin goge katako ke fitarwa, ban da garin zarto. Na taɓa zuba garin don yana nan banza a shago. Ƙura ta sa su atishawa, 'yan tsaki kuma suka ɗauka dusa ce suka yi ta ci. Ban sake ba.

Dattijo, daga Kusiri:
'Yata, ɓawon gyaɗa ma yana yi, amma ki shinshina tukuna. In ya taɓa jiƙewa ya yi fumfuna, ƙirji yake kama wa 'yan tsaki, ki ga suna buɗe baki suna haki. Sannan ki duba inda ruwan nan ya shigo. Nawa akurkin, sai da na ɗaga ƙasansa ya fi tsakar gida tudu, na ƙara wa rufin baki, na ɗora mazubin ruwa kan bulo, kafin na rabu da danshi. Kashin jinin nan a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake yaɗuwa. Ita kuwa annobar hunturu mai murɗe musu wuya, gyaran shimfiɗa kaɗai ba ya hana ta, rigakafi take so. Ga LANAVET, cibiyar rigakafin dabbobi ta ƙasa, nan Bokle kusa da ku, su ke haɗa shi.

Mai tambaya:
Baba, kamar kana gidan. Yanzu na fito daga dubawa, ashe indararon maƙwabta daidai gindin katangar akurkin yake zuba. Shi za mu fara gyarawa, sai siminti da ɓuntu. Malam na Yagwa, duk wata nawa kake kwashe tsohon?

Manomin Yagwa:
Ba na ƙirga wata, Hajiya. Damƙa nake yi in matse. In ya warware a hannu, da sauransa. In ya dunƙule kamar fura, ko warin ya sa ido yaji idan na sunkuya, ranar nan yake tafiya gona.