Neman kalma: me za mu kira "pit stop" a labarin tseren motoci na 1976?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da shiri a rediyo ranar Asabar da daddare a kan kakar Formula 1 ta 1976, wadda James Hunt na McLaren ya karɓe kambu a hannun Niki Lauda na Ferrari da maki ɗaya tal, 69 da 68. Ranar Alhamis da la'asar zan miƙa wa edita rubutun. Zagaye ya zauna, maki ya zauna, motar kuma na ce mai kujera ɗaya. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne "pit stop", wato tsayawar da mota ke yi a gefen fili ana cikin tsere don a sauya mata taya ko a yi mata gyara. Ba yadda zan kauce masa, don a tseren ƙarshe a Fuji ta Japan, saura zagaye biyar a gama, tayar Hunt ta gaba ta sace, ya shiga aka canza, ya fito a na biyar alhali aƙalla na huɗu yake nema. Kalma nake so wadda zan faɗa sau goma harshena bai harɗe ba.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Shiga gareji. Me kuma ake nema?

Mai Fassara: Idan ka ce gareji, mai sauraro zai ɗauka motar ta mutu an turo ta, sai gobe ko jibi. Ni "tsayawar canjin taya" nake sawa a aikina. Doguwa ce, amma ba wanda zai tambaye ka ma'anarta.

Bakanike: Hajiya, ai ba taya kaɗai ake yi a wurin ba. Ana canza hancin mota idan ya fashe, ana juya fiffiken gaba, da can ma har mai ake sha, sai a 2010 aka hana. Ranar da ya shiga gyaran fiffike kuma sai ki ce tsayawar me?

Malam Nahawu: Ikon Allah. Harshen da fatake suka kai Gwanja da shi a ƙafa, shi ne yau za a ce ba shi da sunan wurin da matafiyi ke tsayawa ya gyara kaya ya ci gaba? ZANGO. Matuƙi ya ya da zango. Wurin kuwa zangon motoci. Gaɓa biyu ce, ta gado ce, kuma duk inda Bahaushe yake, daga Agadas har Kumasi, ya san ta. Gareji, taya, duk aron Turanci ne. Sai mu ari abin da muke da shi a ɗaka?

Ɗan Ferrari: Baba, wanda ya ya da zango ai ya sauke kaya ne ya kwana. Na yau daƙiƙa biyu zuwa uku suke yi, mutum wajen ashirin a kan mota ɗaya. 'Yan McLaren sun taɓa canza taya huɗu a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Wane zango ne wannan da ko takalmi ba a cirewa?

Malam Nahawu: Ɗana, kalma tana faɗaɗa. Jirgi da a kan ruwa kawai yake, yau yana sama yana ƙasa. Zangon karatu ma wa ya kwana a cikinsa?

Ɗan Damagaram: Mu nan tashoshin Faransa muke kallon tseren, "stand" muke ji. Da za ka ari "pit" ɗin ka ce fit, ba wanda zai gane a Zinder ko Maraɗi. Don haka ina bayan Malam a kan a bar aron Turanci, ko da zangon bai kwanta min sosai ba. Ku a Najeriya kuna aro daga Ingilishi ku sa masa hula ku ce Hausa ce, mu kuma in mun aro daga Faransanci ku ce mun ɓata harshe.

Bakanike: Wa ya ce kun ɓata? Mu dai muna cewa mota da direba, kuma ba mu mutu ba.

Malam Nahawu: Matuƙi.

Bakanike: To Malam, matuƙin me? Faɗi sunan abin da yake tuƙawa da Hausar gado mu ji.

Mai Fassara: Don Allah ku bari. Bawan Allah yana da Alhamis a gabansa. Akwai abin da ba ku lura da shi ba: a 1976 tsayawar nan ba dabara ba ce kamar yanzu. Mota takan cika tanki ta tashi, tayar da ta fara da ita da ita take gamawa. Duk wanda ka ga ya shiga, to ko dai matsala ce, ko ruwa ya sauko, ko ruwa ya ɗauke. Sai a 1982 'yan Brabham suka mai da ita dabarar cin tsere. Kenan kalmar da ake nema dole ta ɗauki ma'anar barin hanya ba da son rai ba, da asarar lokaci. Zango hutu yake nunawa. Hunt ba hutu ya je yi ba, kambu yake gani yana sulluɓe masa yana zaune a mota bakanikai na kokawa da taya kusan rabin minti.

Direban Tirela: Ina karantawa tun ɗazu. Mu a hanya idan taya ta yi faci ko ruwan lagireto ya tafasa, cewa muke na ratse. Ka bar kwalta, ka sauka gefe, ka yi abin da ya tsayar da kai, ka hau. Ba wanda ya ce ka kwana. "Hunt ya ratse aka sauya masa taya." Ni dai kunnena bai ji wani ƙaiƙayi ba.

Mai Shirin Wasanni: Kai, Alhaji, wannan ta shiga. Tana kuma juyuwa: ya ratse, zai ratse, ratsen da ya yi, layin ratse.

Ɗan Ferrari: Ta ma dace da tseren Nürburgring na Jamus a wannan kakar. Ranar 1 ga Agusta an tashi hanya da danshi, kusan kowa da tayar ruwa, ban da Jochen Mass da ya yi kasada da ta rani. Zagaye ɗaya a can kusan kilomita 23 ne. Kafin su zagayo hanya ta fara bushewa, sai yawancinsu suka ratse suka canza. Lauda na cikinsu. A zagaye na biyu, dab da kwanar Bergwerk, motarsa ta ƙwace ta daki gefe, ta dawo tsakiyar hanya tana ci da wuta, wasu motoci suka sake dukan ta. Direbobi huɗu ne suka tsaya suka fito da shi: Arturo Merzario da Brett Lunger da Guy Edwards da Harald Ertl. Abin takaicin, Lauda ne ya nemi a fasa tseren tun kafin ranar, saboda filin ya yi girman da masu kashe gobara da likitoci ba za su iya rufe shi ba, 'yan'uwansa direbobi suka rinjaye shi a ƙuri'a. Ka sa wannan a shirin.

Malam Nahawu: Ratse! A rediyo? Kun san dalilin da yake sa matafiyi ya ce wa direba ya ɗan ratse. Gari guda zai yi dariya. Ga kuma ratse a zance, wato kauce wa batu. Kalma mai fuska uku kuke so ku ɗora wa aikin ilimi.

Direban Tirela: Malam, zangon naka fuska nawa gare shi? Akwai na fatake, akwai na karatu, akwai unguwa, akwai garuruwa masu sunan.

Basakkwace: Ni mi ya hana a tambayi mutanen yamma? Kullum Kano da Zariya ka yanke hukunci, sauranmu mu ce amin. Kananci ba shi kaɗai na Hausa ba.

Mai Fassara: To kawo taku mu gani.

Basakkwace: Ratse ɗin dai mu ka cewa. Amma a riƙa tambaya.

Bakanike: Allah ya ba mu haƙuri.

Malam Nahawu: Ba ku fahimce ni ba. Ba wai ina son zango don ni na kawo ta ba. Wanda ya fara cewa "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ai yana da fenareti a bakinsa, ya ƙi. Wanda ya ce "satar gida" ma haka. Yau ga shi yara na faɗa ba su san wani ne ya zauna ya ƙirƙira ba. In masu makirufo ba su yi ƙarfin hali ba, wa zai yi? Shekaru na yi ina koyarwa, na ga yadda kalma ke mutuwa saboda kowa na jin kunyar ya fara furta ta.

Mai Fassara: Wannan gaskiya ne Malam, kuma ba wanda ya ce a ari fit. Ratse ai Hausa ce tsantsa, ta fi gareji da taya asali. Rigimar yanzu tsakanin kalmomin gida biyu ce. Kuma misalinka ya fi taimakon ɓangarenmu: satar gida ta zauna ne don duk wanda ya ji ta yana ganin abin da ɗan wasa ya yi. Wanda ya ji "ya ratse" yana ganin mota ta bar hanya. Wanda ya ji "ya ya da zango" raƙumi yake gani ya durƙusa.

Ɗan Damagaram: Ina da tambaya. A Fuji ɗin nan Lauda ma ya shiga wurin, bayan zagaye biyu, ya fito daga mota ya ce ya fasa saboda ruwan sama. Shi ma ratse za ka ce? Don Hunt ya shiga ya fita, shi kuwa ya shiga bai fita ba.

Direban Tirela: To ga inda zangon Malam zai yi aiki. Lauda ne ya ya da zango.

Malam Nahawu: Ba na son raini.

Bakanike: Ni fa har yau ban gane wannan ficewar ba. Yana gaba da maki uku, 68 da 65. Ya lallaɓa kawai ya ƙarasa mana. Ruwan ma ai daga baya ya ɗauke, shi ya sa tayar Hunt ta cinye a busasshiyar hanya. Tsoro ne kawai.

Ɗan Ferrari: Tsoro? Mutumin da wuta ta cinye masa yawancin kunnen dama, hayaƙi ya ƙona masa huhu, har limamin coci ya zo asibiti ya yi masa addu'ar bankwana? Tsere biyu kacal ya rasa, na Ostiriya da na Holan. Mako shida bayan hatsarin ya dawo tseren Monza na Italiya da bandeji a kai, ya zo na huɗu, aka cire hular kwano jini ya jiƙa ta ciki. A Fuji fatar idonsa ba ta warke ba, ba ya iya ƙiftawa yadda ya kamata, ga ruwa kwance a hanya, feshin motar gaba ya rufe komai. Ba shi kaɗai ya ajiye ba ma, Emerson Fittipaldi da Carlos Pace su ma sun fita. Ya dawo ya ci kambu a 1977, ya ƙara a 1984. Kai da ko ruwan Agusta ya sauko rufe gareji kake.

Bakanike: Na ji. Amma Hunt ma ba a banza ya samu ba. An ƙwace masa nasarar Sifen don motarsa ta fi ƙa'ida faɗi da santimita 1.8, sai da aka ɗaukaka ƙara aka mayar masa. Ta Brands Hatch a Ingila kuwa, a gaban mutanensa, aka ƙwace aka ba Lauda, ba a mayar ba. Duk da haka tsere shida ya ci cikin 16, Lauda biyar. A Fuji ya wuce Alan Jones da Clay Regazzoni a zagayen ƙarshe-ƙarshe, ya sauka yana faɗa da shugaban ƙungiyarsu Teddy Mayer don ya ɗauka ya rasa, sai da aka shaida masa ya zo na uku, kambu nasa ne.

Mai Fassara: An koma musun 'yan ƙwallo. Ɗan'uwa mai shiri, ga shawarata. Karon farko ka faɗa da bayani: ya ratse zuwa rumfar bakanikansa aka sauya taya. Daga nan "ya ratse" ta wadatar. Na Lauda ka ce ya ratse ya janye daga tseren. Wurin kansa kuma rumfar bakanikai, hanyar shiga layin ratse.

Malam Nahawu: Rumfa. Kamar masu sayar da tumatir.

Mai Shirin Wasanni: Na gode ƙwarai. Aikatau ɗin na ɗauki ratse. Sunan wurin ne ban yanke ba, rumfa ta yi min ƙanƙanta, gareji kuma Hajiya ta kashe shi. Malam, in na ce "ya ratse zuwa zangon ƙungiyarsa" fa? Wurin ya zama zango, tsayawar ta zama ratse.

Malam Nahawu: Rabin gaskiya kenan. Amma ya fi rumfa. Ka dai ce matuƙi, kada in ji direba.

Mai Shirin Wasanni: Wannan sai abin da edita ya ce, Malam.

Ɗan Damagaram: Ni zangon ƙungiya bai dame ni ba. Tunda ana nan, Mario Andretti ne ya ci tseren Fuji da Lotus, kuma shi ya tashi a "pole position", wato gurbin farko a layin tashi. Wannan fa me ka sa?

Mai Shirin Wasanni: Sahun gaba.

Ɗan Ferrari: Sahun gaba mota biyu ne, ita kuwa ta mutum ɗaya ce.

Malam Nahawu: Goshi. Ya tashi a goshi. Ku buɗe sabon zare in yi muku bayani, don na ga nan ba a sauraro.