Mahaifinmu ya daina lura da duk abin da ke hagunsa

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Makonni 6 ke nan da hawan jini ya jawo wa mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna ɓangaren dama ne ya taɓu. Ƙarfinsa yana dawowa, amma idan aka kawo masa tuwo sai ya cinye na daman kwano ya ce ya ƙare, wajen alwala kuma yakan tsallake hannu da ƙafar hagu. Likita ya duba idanunsa ya ce lafiyarsu ƙalau, Hajiya kuwa ta dage cewa sammu ne. Ko akwai wanda ya san wannan lalura?

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ba makanta ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke da babban kaso wajen karkata hankali zuwa ga abin da ke kewaye da mutum, saboda haka idan ya taɓu, ido yana gani amma hankali ba ya zuwa hagu. Wanda ya rasa ganin gefe ɗaya yakan san da matsalarsa har ya waiwaya, shi kuwa wannan sau da yawa bai san ya bar komai ba, don haka faɗa ba ya amfani. Ku sa ya zana agogo, wataƙila za ku ga ya cushe lambobin duka a dama. Ku riƙa zama ta hagunsa kuna yi masa hira, kuna koya masa waiwayawa, sannan ku shaida wa masu duba shi. Mutane da yawa suna samun sauƙi cikin watanni 3 na farko.

Malamin makaranta: Yayana ya yi irin wannan, kuma a karatu muka fi ganin abin: a boko farkon layi yake bari, a Alƙur'ani kuwa ƙarshen layi, tunda Larabci daga dama yake farawa. Jan zare muka liƙa a gefen hagun shafi, sai ya kai gare shi yake sauka layi na gaba. A 1978 ma, wasu masu bincike a Italiya, Bisiach da Luzzatti, sun sa majinyata masu wannan lalura su siffanta dandalin birnin Milan da ka, sai majinyatan suka tsallake gine-ginen hagu.

Mazauniyar Fagge: Don Allah kada ku bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai, domin a nan ababen hawan da mai tsallakawa ke fara cin karo da su daga hagu suke fitowa, ga kuma 'yan adaidaita sahu.